Likitan Da Ya Hana Ni Yanka Bijimina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Dokta Saminu Abdulhakim, likitan dabbobi na Dakoro, bayan gajeriyar jinya.

Dokta, a wajenmu idan babbar dabba ta karye ba a jira, wuƙa ake ɗaukowa tun naman bai zube ba. A haka ka same ni bakin rijiya, ɗan bijimina kwance da karaya a ƙafar gaba. Shi kaɗai ke ja mana guga, kuma rijiyarmu ta fi ƙarfin hannun mutum. Har na fuskantar da shi alƙibla, sai na ji muryarka: "Malam Sa'adu, aje wuƙag ga. Ban yi maka alkawali ba, gwaji ne. Amma bari mu gani."

Na yi maka gardama, don ni mutum ne mai taurin kai. Ka zauna a ƙasa ka yi mini bayanin bincikenka, cewa cikin jinin dabba akwai abin da ke taimakon ƙashi ya haɗe, kuma ka gwada a kan zomaye da awaki, wasu sun warke da wuri, wasu ba su warke ba. Ba ka ɓoye mini komai ba.

Ka ɗebi jini a wuyan bijimin, ka juya shi cikin wata 'yar na'ura har ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama, ka yi masa allurarsa a wurin karayar. Sannan ka kira Hama maɗori ya ɗaure ƙafar da itace. Mutane suka yi ta tsokanata, wai na mai da sa majinyaci. Kai kuwa kana ta zuwa da babur ɗinka kana taɓa ƙafar, har ran da ya miƙe.

Ranar jana'izarka aka nemi ruwan kwaɓa ƙasar kabari. Ban bari an je famfo ba. Bijimin nan ne ya jawo shi, da ɗan ɗingishinsa, ni kuma ina biye da shi ina kuka.

Na gode, Dokta. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Malama Ramla, da 'ya'yanka, da abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri, ya gafarta maka, ya ji ƙanka kamar yadda ka ji ƙan dabbar da ba ta da bakin roƙo. Amin.