Na'urar da ke bakin taga

Ɗakin da nake ɗinkin littattafai yana kallon ɗakin kwamfuta na jami'a, baranda ce kawai tsakaninmu. Ba na leƙen kowa. Amma idan mutum yana zaune yana jiran gam ya bushe, ido yakan tafi yawonsa.

Ta haka na san yarinyar da ake kira Kashe-kunna. Ɗaliba ce, cikin waɗanda ake ɗauka su taimaka wa jama'a idan na'ura ta yi gardama. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, ta tashi tana haska masa tocila yana liƙa waya, don haka ba ta tsoron duk abin da ake jonawa a bango.

Hannunta yana da sauri. Wani zai miƙe a fusace ya ce kwamfuta ta mutu, sai ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta mayar da filogin da ƙafarsa ta zare. Wata za ta rantse an canja mata kalmar sirri, sai ta nuna mata ɗan hasken da ke cewa manyan baƙaƙe take bugawa. Takardar da ta maƙale a firinta kuwa, a hankali take zare ta kamar mai cire ƙaya. In duk wannan bai yi ba, sai ta kashe ta kunna, kuma galibi shi ke nan. Daga nan sunan ya fito. A hankali hannu ya fara riga baki.

Na'urorin ɗakin an saita su ne yadda da zarar an kashe an kunna, sai su goge duk abin da aka ajiye a kansu, saboda tarkacen da ɗalibai ke zubawa. Masu taimako sun san haka sosai, har sun manta akwai wanda bai sani ba. Akwai sanarwa a bango cewa kowa ya ajiye aikinsa a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake cusawa a jikin na'ura, amma labule ya daɗe da rufe ta. Na'ura ɗaya ce, ta bakin taga, ba a kashe ta. Tana wahalar tashi, shi ya sa shugaban ɗakin ya ce a bar ta a kunne, batura su riƙe ta in an ɗauke wuta.

A gaban wannan na'urar wata dattijuwa take zama, shugabar makarantar firamare da ta zo digiri na biyu. Kowa Mama yake ce mata. Da yatsu biyu take buga kundin bincikenta, tana ajiyewa a fuskar na'urar, kullum ta dawo ta same shi. Wa'adinta ya zo ƙarshe: in ba ta miƙa kundin a wannan zangon ba, za a rufe rajistarta, hutun karatun da aka ba ta ma ya ƙare. Har ta zo wurina ta zaɓi bangon kundin, shuɗi mai duhu, na buga sunanta da ruwan zinare na ajiye.

Wata safiya na ji muryarta.

“'Yata, zo ki ga abar nan, ta daskare kamar jikana in an ce ya yi wanka.”

Yarinyar ta taho tana dariya, da tarin takardu a hannu ɗaya. “Mama, ai tsoronki take ji. Bari ki gani.”

Ta danna maɓalli, ta kashe ta kunna. Na'urar ta daɗe tana nishi, sannan ta tashi fes.

“To ga ta nan. Sai me kuma?”

Mama ta gyara tabarau. Ta matso. “Ina aikina?”

“A filashinki yake ai.”

“Wane filashi? A nan nake ajiyewa, kusa da hoton kwandon nan.”

Takardun hannun yarinyar suka zube. Ba ta sunkuya ta kwashe ba.

Aka kira shugaban ɗakin. Ya zauna ya gwada abin da zai gwada, ya tashi yana share goshi. Ya ja labule, sanarwar ta bayyana. Mama ta karanta ta har ƙarshe, a tsaye, leɓɓanta suna motsi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai, “Da kin tambaye ni, 'yata.” Ta ɗauki jakarta.

Babi biyu na farko suna nan a rubuce da hannu. Sauran kuwa daga kanta ta riƙa zubawa kai tsaye, don ta ce ta gaji da yin aiki sau biyu. Yarinyar ta bar darussanta ta zauna gefenta, Mama tana tunowa, ita tana bugawa, bayan kowane shafi ta ajiye a filashi ta kuma tura mata a imel. Wani lokaci Mama takan ce, “Ba haka na faɗe shi ba wancan karon. Ya fi wannan kyau.” Sai su zauna suna kallon taga.

Abokan aikin yarinyar ba su daina tsokana ba da farko. “Kashe-kunna, zo ki kashe mana wannan ma.” Sai ta ci gaba da aikinta. Da kansu suka bari.

Ranar rufe karɓar kundi na goge teburina, na fito da shuɗin bangon, na jiƙa gam. Masu kawo aiki suka yi ta shigowa suna fita. Kundin Mama bai zo ba, gam ya bushe a kwano. Mama ta koma makarantarta. An ce za ta rubuta roƙo a sake buɗe mata rajista, ba a san abin da za a ce ba.

Yarinyar tana nan. Yanzu in an kira ta, hannayenta a baya take zuwa, kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Takan tsaya ta ce, “Me kake yi a kai? Ina ka ajiye? Nuna mini.” Wasu suna ƙorafin ta yi sanyi. Labulen nan kuma an ɗaure shi da igiya, ban ga wanda ya ɗaure ba.

Jiya ta tsaya a ƙofata, ba ta shigo ba.

“Baba, bangon nan yana nan?”

Na nuna mata shi a saman kantar littattafai.

“Kada ka ba kowa.”

Na ce da sunan mutum a jiki, wa zai karɓa? Ta gyaɗa kai. Wani ya kira ta daga ɗakin, ta mayar da hannayenta baya, ta tafi.