Tagar da Yaya Ya Ƙarasa

Yayana mai yankan gilashi ne, kuma tun muna yara ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Ko ƙusa ya taka, sai ya zare ta ya ce, "Ita ta ji jiki." Shagonsa ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya da tsohon bargo a shimfiɗe, abin yanka a saƙale bayan kunne, tafin hannunsa duk tabo. Doka ɗaya gare shi: ba ya barin taga a buɗe ya tafi gida. Matarsa kan yi masa tsiya, wai ko gobara ta tashi sai ya buga ƙusar ƙarshe zai gudu.

Ran da abin ya faru yana sa tagogi a wani bene, gilashi ya suɓuce ya tsaga masa cinya. Jini kamar an buɗe famfo. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Mai gidan ya ce a tafi asibiti.

"Saura taga ɗaya, ranka ya daɗe."

Da na iske shi a asibiti, ba'a ma yake yi. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Yaya, hannunka fa?"

"Ke dai kin cika tsoro, Auta."

Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe. Ta ce in jini ya zuba da yawa, ƙananan jijiyoyin jini tsukewa suke yi, kowace ƙwayar jikinsu tana sanar da maƙwabciyarta, a rage wa hannu da ƙafa jini don zuciya da ƙwaƙwalwa su samu. Shi ya sa yake magana garau.

"Amma in aka daɗe gajiya suke yi," in ji ta. "Saƙon ya daina wucewa, su saki gaba ɗaya. Yayanki ya makara da zuwa."

Aka ƙara masa jini, aka yi masa allurar da ke sa jijiya ta tsuke, jijiyoyin suka yi kunnen uwar shegu. Kafin la'asar ya cika.

Allah ya jiƙansa, amma har yau haushinsa nake ji. Jikinsa ya yi ta riƙe masa rai don ya kai asibiti, shi kuwa ya ɓatar da lokacin a kan taga. Kullum ta gaban benen nake wucewa in zan tafi aiki. Tagar ita ce ta ƙarshe daga hagu, ko kaɗan ba ta karkace ba.