Wurin da Dunduniyata Ta Goge

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar maigidana, a irin wannan lokaci na faɗuwar damina. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Dattawan Kontagora sun san shi da Malamin Gona mai koriyar basfa, wannan ya isa. Ni ban yi makaranta ba. 'Yata Asabe ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana ko ta ji Hausar ta karkace, don da Kambarci na buɗe baki.

Maganar basfar nan nake so in yi, saboda abin da ya same ta bana ya sa ni kukan da na zaci na gama tun ina takaba.

'Yan yanzu ba su san ta sosai ba. Ba irin baburan 'yan kabu-kabu ba ce da ake hawa a wangale, inji a waje yana ƙona wa mutum ƙafa. Ita komai nata a rufe yake. Gaba akwai faffaɗan ƙarfe kamar garkuwa mai tare ruwa da taɓo, ƙasa kuma wurin ajiye ƙafa a shimfiɗe kamar daɓe. A baya tana da ƙugu biyu masu zagaye, na dama inji ne a ciki, na hagu tayar safaya. Tayoyinta da kaɗan suka fi faifai. Kujerunta biyu ne, da mariƙin ƙarfe a tsakani. Malam zai fita da farar riga ya je Nasko duba gonaki ya dawo, ba ɗigon taɓo a wandonsa. Yakan ce wanda ya ƙera ta ya san darajar tufafi. In ta ƙi tashi da safe ba ya fushi. Sai ya ɗan kwantar da ita gefen dama kamar mai lallashi, ya miƙar da ita, ya taka sau ɗaya ta kama. Warin fetur da baƙin mai da yake haɗa mata a kwalba bai taɓa barin rigunansa ba, komai wankina.

Da yake injin yana dama, takan ɗan rinjaya can. Ranar da ya fara ɗaukata zuwa Kaboji ganin gida, na zauna a kaikaice yadda mace ke zama, ƙafafuna biyu a hagu, zanina a haɗe. Muna fita gari ya waiwayo ya ce, "Ashe ke ce abin da suka manta ba su sa mata ba. Ga ta ta miƙe." Na ce ya dubi hanya kada ya zubar da mu.

A lokacin ba kowane magidanci ke goya matarsa a idon jama'a ba. Abokansa na majalisa sukan ɗaga murya in mun zo wucewa, "Malam, yau ma da rakiya?" Yayansa ma ya taɓa kiransa ya yi masa faɗa a kai. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Aiki take yi, daidaita mini mashin take." A cikin gari mariƙin ƙarfen nan nake riƙewa, kaina a ƙasa. Sai mun wuce gidajen ƙarshe, wajen wata ɗorawa da ke bakin hanya, nake sakinsa in kama gefen rigarsa. Shekara talatin da ɗaya muna haka bai taɓa cewa komai a kai ba. Abin da na lura kawai, in mun kusa ɗorawar yakan rage gudu.

Dunduniyata kuwa wuri ɗaya take jingina, a jikin ƙugun hagu. A hankali koren wurin ya dushe, ya koma toka-toka, daga baya farin ƙarfe ya fito yana sheƙi, faɗinsa kamar tafin hannu. Wani mai fenti ya taɓa ce masa ya kawo a rufe masa wurin. A gabana ya ce, "Ka fenta ko'ina in kana so, ban da nan. Wurin yana da mai shi." Mutumin bai gane ba. Ni na gane, na shige gida.

Da ya rasu aka tura ta ɗakin da ke jikin zaure, aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ya bar akwati cike da takardu, amma ban san abin da ke cikinsu ba sai an karanta mini, in an karanta kuma maganar taki ce da iri. Hotonsa ɗaya ne, ya ɗaure fuska a ciki kamar ba shi ba. Don haka duk safiyar Juma'a nakan shiga ɗakin nan in share mata ƙura, in ɗora tafina a farin wurin. Shi ne rubutu ɗaya da na iya karantawa a duk abin da ya bari, kuma ni da shi muka rubuta shi.

Sau da yawa ina zaune a wurin nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai ga yau. Hanyar da muke bi mu biyu, ba wuƙa ba sanda, sai gorar ruwa da ƙullin goro, yanzu ba mai hawanta sai ya tambaya ko lafiya. Gonakin da ya auna da ƙafarsa wajen Sahon Rami, an ce wasu sun koma daji, masu su suna cikin gari suna zaman haya. Ƙanwata ta rasu a Kaboji bara waccan, 'ya'yana suka hana ni zuwa gaisuwa, ban kuwa ga laifinsu ba. Shi da ba ya wuce gona bai tsaya ya duba ganyen dawa ba, ina jin shiru zai yi, kuma shirunsa ya fi faɗansa ciwo. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba, sai kuma in yi istigfari.

Bana ciwon ido ya sa na yi mako uku a gidan Asabe. Ashe ɗana Isa, wanda ke aiki a Minna, ya zo a bayana ya fitar da basfar. Ya ce ya ga yanzu ana daraja irinta, masu hali na nemanta suna gyarawa, ita kuwa tamu tana ruɓewa ƙarƙashin tabarma. Niyyarsa ya faranta mini ranar da za mu taru mu yi wa mahaifinsu addu'a. Ya kai ta wurin wani tsohon bakanike ya tashe ta, daga nan wurin mai fenti.

Ranar da na dawo na tarar da ita tsaye a tsakar gida, kore shar, tana walƙiya kamar ranar da aka sayo ta. 'Ya'ya da surukai sun kewaye ta, har da mai guɗa. Ban dubi kowa ba, na zagaya hagu. Babu komai. Sumul. Na sunkuya da idon nan da aka gyara mini, fuskata kawai na gani a ciki. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Matar Isa ta ce, "Ku bar ta, daɗi ne ya yi mata yawa."

Isa ya fi ta sanina. Ya durƙusa ya ce, "Inna, launin ne bai yi ba? Wallahi irin na da na sa aka nemo."

Na ce, "Ina farin wurin da ke nan?"

"Wanda ya goge? Ai tsatsa ce za ta kama shi. Ni na ce wa mai fentin ya fara da nan."

A ranar na faɗa musu abin da na faɗa muku yanzu, kuma shi ne karo na farko da ya fita daga bakina. Da na gama, Isa ya dubi wurin. Sannan ya ce gobe zai sa a kankare wurin da samfefa ya koma yadda yake. Na ce kada ya soma. Abin da za a kankare kafin shayi ya huce ba shi ba ne.

Ban riƙe shi a zuciya ba. Laifin ai har da nawa. Shekara goma sha bakwai suna ganina ina shiga ɗakin nan, sun zaci ƙura nake sharewa. To ta yaya uwa za ta dubi ɗanta ta ce masa ga inda ƙafata ke taɓawa in na hau bayan ubanka? Kunyar da ta sa na riƙe mariƙi a cikin gari, ita ta rufe mini baki har aka shafe wurin.

Kwana biyu bayan addu'ar, da hantsi, Isa ya zagaya da ita ya dawo yana ɓata rai. Ya ce tana jansa dama, ya koma wurin bakaniken, shi kuma ya ce ba abin da ya lalace, haka aka ƙera ta.

Na ce, "Gaskiya ya faɗa maka. Akwai abin da suka manta ba su sa mata ba."

Ya dube ni, ya dubi kujerar baya. "Inna, za ki iya?"

Shi da Asabe suka ɗaga ni, don gwiwoyina sun daina irin wannan aiki. Na zauna a kaikaice, na haɗe zanina, dunduniyata ta nemi wurinta da kanta ba tare da na duba ba. Muka bi layinmu a hankali har bakin masallaci. Ya ɗaga murya, "Inna, ta miƙe! Wallahi ta miƙe!" Ƙeyarsa irin ta ubansa ce, warin man ma shi ne. Amma mariƙin na riƙe har muka je muka dawo. Ɗorawar tana can bayan gari inda ba a zuwa yanzu, ban ma sani ba ko tana tsaye.

Da aka sauke ni sai na ga takalmina ya bar ɗan tabon jar ƙasa a sabon fentin, daidai wurin. Matar Isa ta ɗauko tsumma. Isa ya riƙe hannunta.

To abin da ya rage na Malam ke nan, in na auna. 'Ya'ya biyar da ba su taɓa ɗaga mini murya ba. Tsofaffin manoma da har yanzu in sun gan ni sukan ce matar Malamin Gona, ana ta raguwa kuwa. Da basfa mai kyau wadda ba ta san ni ba. Na hana a tafi da ita Minna, duk Juma'ar da Isa ya zo yakan kai ni bakin masallaci mu dawo. Shi yana ganin wurin zai sake gogewa. Wancan shekara talatin da ɗaya ya ci, ni kuwa na san abin da ya rage mini bai kai ko kusa ba.

Wanda duk ya san shi, ko ya taɓa jin ƙarar koriyar basfa ta tsaya a bakin gonarsa, ina roƙo ya sa shi a addu'a. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa in tawa ta zo in tarar ya rage gudu yana jirana.