Gwiwoyin Baba Maigandi

In kun taɓa bi ta unguwar Al-Awali a Madina da hantsi kuka ga wani dogon tsoho ya sunkuya a kan keke kamar mai neman allura a ƙasa, jallabiyarsa a tattare cikin ƙugu, dogon wando har idon sawu, to kun ga Baba Maigandi. Mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, mai ban ruwa a wata gonar dabino, kuma maƙwabcinmu tun ina yarinya.

Keken nan ya girmi 'ya'yansa duka. Lokacin da ake gina matatun mai a Yanbu, Baba yana dafa wa wani injiniya ɗan Italiya abinci. Da mutumin zai koma gida ya bar masa shi, yana shafa ƙarfen yana hawaye. Keken tsere ne na asali, na baƙin ƙarfe, siriri, ka ɗaga shi da yatsu biyu. Mahaɗan ƙarfen an yi musu zane kamar lallen amarya, ƙahon ya lanƙwashe ƙasa irin na rago, giyar kuma sai ka miƙa hannu can tsakanin ƙafafu kafin ka taɓa ta.

Shekara arba'in unguwa na yi masa dariya. Tsaransa sun sayi motoci, shi yana nan a duƙe. Matarsa Inna Tasallah takan ce, "Ko buhun shinkafa ba ya ɗauka. Keke ne ko azabar ƙashin baya?"

Shi ma fa bai bar kowa ya huta ba, saboda Allah ya ɗora masa kishin gwiwa. Duk namijin da ya gitta ƙofarsa da gajeren wando sai ya sha wa'azi. "Kai! Daga cibiya zuwa gwiwa, ba a koya maka ba? Aib, ya shekh!" Masu ƙwallon unguwarmu har hanya suka sauya saboda shi.

To, ana nan sai ga Saif, wani likitan haƙori da ke shugabantar ƙungiyar masu tseren keke. Ya ga keken jingine a bangon masallaci, ya durƙusa gabansa yana salati.

"Ya ammi, baffana, ka san abin da kake hawa kuwa? Da hannu aka ƙera wannan. Namu na yanzu roba ce kawai mai tsada."

Baba ya waiga ko akwai wanda ya ji. Babu kowa. Ya sa Saif ya maimaita bayan sallar la'asar, a gaban jama'a.

Ƙungiyar ta shirya ranar tunawa da tsofaffin kekuna, tafiya har wajen Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, kuma Baba suke so ya ja gaba. Aka aiko masa da kayan 'yan tseren da: rigar ulu, 'yar hula, da baƙin wando. Inna Tasallah ta ɗaga wandon da yatsu.

"Malam, ina sauran?"

"Haka ya zo."

"Wannan ko gwiwar ɗan akuya ba zai rufe ba."

Mako guda Baba bai ci abincin kirki ba. In ya sa, ya kunyata wa'azin shekara arba'in. In ya ƙi, wani za a sa gaba, ya koma tsohon da ake yi wa dariya har ya mutu. Tambayar Saif ko za a iya ƙara wa wandon tsawo kuwa, girman kansa ya hana, kada a ce baƙauye ne bai san ka'idar tsere ba. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci: tafiyar da sassafe ce, nesa da unguwa, kuma cikin mutum talatin masu gwiwa a waje wa zai lura da nasa biyu?

Ranar Asabar ya fita da jallabiya a sama. A bayan wata katanga ya tuɓe ta, ya ce astagfirullah sau uku, ya tako feda zuwa mahaɗa.

Mutum talatin na tsaye suna jiransa. Kowannensu ya sa gajeren wandon nan, amma da dogon matsattse a ƙarƙashi, baƙi wul, har idon sawu. Ai 'yan Madina ne, suna da iyaye. Gwiwa biyu kacal rana ta haska a wurin nan, busassu, farare fat, waɗanda rabonsu da iska tun zamanin Yanbu.

"Masha Allah!" in ji Saif. "Ku ga ɗan asali! Mu kunya ta hana mu. Kaftin, bismillah, gaba!"

Juyawa ba ta yiwu ba, an riga an ɗaga wayoyi. Baba ya ja gaba, kuma ku ji gaskiya, ya ja da kyau. A hawan gada ya bar likitoci da injiniyoyi suna haki a baya. Motocin mahajjata masu zuwa ɗaura harami suna ta yi masa oda. Ta tagar wata aka ƙwala da Hausa, "Sannu da ƙoƙari, tsoho! Allah Ya shirya!"

Kafin ya iso gida hoton ya riga shi. Masu ƙwallo sun jeru a ƙofarsa, kowa gwiwa a waje, suna gaisuwa cikin ladabi. "Barka da dawowa, Kaftin." Ya tura kekensa ya shige gida. Inna Tasallah ta miƙa masa shayi, ta ce, "Man zaitun na nan, in za a sake fita a shafa musu."

Sunan Kaftin ya bi shi, kuma yana amsawa. Duk Asabar yana gaba, da dogon wandonsa yanzu. Kwanaki na tsokane shi, na ce, "Baba, yaya maganar gwiwa?"

Ya ci gaba da goge sarƙar kekensa, bai ɗago ba. "'Yata, wannan mas'ala ce mai faɗi. Malamai sun yi saɓani."