Kwana Uku Babu Wuta a Ɗakin Beci Gulsambar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rabi'us Sani, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran gwaggona Gulsambar, wadda duk ƙauyenmu na saman Citral, can cikin duwatsu masu dusar ƙanƙara, ke kira Beci. Ta cika a zaune, jingine da ginshiƙin ɗakinta, domin ta daɗe ba ta iya numfashi a kwance.

Beci, tun da aka kai ki na kasa zama wuri ɗaya. Maza na kan shimfiɗar makoki suna jan carbi, ni kuwa in zauna in tashi, in leƙa garken awaki, in dawo. Liman ya harare ni har ya gaji. Karatuna bai wuce na Alƙur'ani a zauren masallaci ba, ban iya tsara zance irin na malamai ba, amma in ban rubuta wannan ba ƙirjina ba zai bar ni ba.

Ke kika ɗauke ni da uwata ta rasu, kika haɗa ni da ɗanki Mirwali, wanda nake kira Lal tunda yayana ne, ba ki taɓa bambanta mu a kwano ba. Ke kika raɗa mini Bunsurun Rufi. Kin san dalili. Nakan hau saman ɗaki, in kwanta a bakin tagar hayaƙi, in zuro ƙugiya da zare in ɗauke gurasa daga kan kasko. Na daɗe ina ganin ni gwani ne, har ranar da na jawo zare na tarar da tsohon takalmin Lal a jiki, daga ƙasa kuma ina jin dariyarki tana karyewa da tari. Sai daga baya na gane kullum gurasar da ta fi kauri da man shanu ita kike ajiyewa daidai inda ƙugiyata ke sauka.

Daga wannan taga na fi kowa ganinki. Ni da nake sama, iska na kaɗa ni, ba na iya daɗewa sai idona ya yi ja. Ke kuwa kina can ƙasa a tsakiyar hayaƙin, kin sunkuya kina hura ɗanyen itace da baki. Idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai a ja allo a toshe rabin tagar don kada ɗumi ya gudu, a zauna a haka har bazara. Babu baƙon da ya shiga ɗakin nan ya fita bai sha shayin gishiri ba. Babu mai jegon da ba ki aika wa romo ba. Duk a kan wannan wuta.

Bara da tari ya hana ki barci, ni da Lal muka kai ki asibiti a gari. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinki ya tambaya shekara nawa kika yi kina shan taba. Na ce masa a ɓoye kike sha, bayan masallaci. Kika kai mini duka da mayafi.

"Ɗan nan, ko warinta ban sani ba," kika ce da likita. "Wannan bunsurun dai ka duba kansa."

Ya ce to murhu ne, huhunki ya yi baƙi kamar rufin ɗaki, kuma duk mai zama kusa da ke hanyar da yake bi ke nan. A ranar Lal ya sayo murhun ƙarfe mai bututu, wanda ke fitar da hayaƙi waje. Kika zagaya shi sau ɗaya kika ce a kai shi rumbu. Kika ce hayaƙi ne ke kashe ƙwarin da ke cin itatuwan rufi, shi ya sa rufin da surukinki ya ɗora yake tsaye har yau, kuma ɗakin da babu kunkunniya a samansa ɗakin marowata ne. Ƙarfe kuwa, in ji ki, saurin zafi gare shi da saurin sanyi, kamar zumuncin ɗan kasuwa. Kaji suka samu wurin yin ƙwai.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Mahtab, 'yar Lal, ba ta cika shekara biyu ba, kuma a cinyarki ta girma, a bakin murhu. Tun sanyin bara ƙirjinta ke kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Mun saba da shi har mun daina ji. Da kika rasu aka kashe wutar gidan kamar yadda aka saba, maƙwabta na kawo abinci kwana uku. A rana ta biyu uwarta Zaitun ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce in saurara. Na saurara, ban ji komai ba. Ta ce abin da take nufi ke nan. Yarinya na barci, numfashinta shiru.

Na je wa Lal da maganar, na ce a kafa murhun ƙarfen nan. Ya ce abin da uwarsa ta ƙi tana raye ba zai kafa shi ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, a bari sai an yi arba'in. Na ce kafin arba'in ƙanƙara ta sauka, an toshe taga, an shiga watannin da babu mai hawa rufi. Ya ce in tafi in ba shi wuri, yau ba ranar wasana ba ce.

Ba wasa nake ba, Beci, ko da yake hannuna bai san wata hanya ba. Jiya na ɗauke ƙarfen nan mai ƙafa uku da kike ɗora tukunya, na ɓoye shi inda ko ke ba za ki gano ba. Na kori kaji daga murhun ƙarfen, na kankare kashinsu, na jawo shi zuwa tsakar ɗaki.

Yau da safe, ranar da za a ɗebo garwashi daga maƙwabta a sake hura wuta, Lal ya shigo ya gani. Ya tambaya ina ƙarfen uwarsa. Na ce aljanu. Bai yi dariya ba. Sai Zaitun, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ta faɗa masa abin da ni ma ban sani ba. Ta ce a satinki na ƙarshe Mahtab ta yi tari a jikinki, kika daɗe kina kallonta, sannan kika ce:

"Wannan tarin nawa ne. Wa ya ba ta? Fitar da ita waje."

Lal ya tsaya yana kallon baƙin rufin nan. Ya fita, na ɗauka sanda zai ɗauko. Sai ga shi da tsani. Ya jingina shi da bango, ya riƙe ƙasansa da hannu biyu.

"Hau, Bunsuru. Ai ka fi kowa sanin hanyar."

Na hau. Ta tagar da na sha zuro ƙugiya na jawo bututu. Da aka hura wuta, hayaƙi ya fito ya wuce ta gefen kaina ya yi sama, na leƙa ƙasa ta ɗan sararin da ya rage, na ga ɗakin tas har ƙasan tabarma. Na ga wurin zamanki sarai, karo na farko a rayuwata, kuma ba kya nan.

Idan ƙwari sun ci rufin, Beci, ni zan sake shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa wahalar numfashin nan ta zama kaffara. Ya yalwata kabarinki, Ya buɗe miki taga zuwa Aljanna, iska mai daɗi ta riƙa shigo miki. Duk cikin da kika ƙosar, Allah Ya sa a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga Lal Mirwali da Zaitun, da 'yan'uwa na nan da waɗanda ke can Karaci ba su samu jana'iza ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Mahtab da lafiyayyen ƙirji, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.