Mai Fuskar da Ke Kan Allon Talla

Mai liƙa talla yana saman tsani a bakin tasha, yana kwance ƙaton hoton da kotu ta ce a sauke. Yana leƙawa ƙasa, sai ga mai fuskar tana kallonsa, da wushiryarta da tabon girarta. Dattijuwa ce gajera, tsintsiyar sharar titi a hammata, silifas ya sha ɗinki. Ta riƙe ƙugu kamar mai duba gininta.

Ya san labarin: 'yarta ta sa hoton a intanet, wani kamfani ya kwashe ya yi tallar sabulu, ko sallama babu. Yana ayyana irin tsayuwar da ta sha a ƙofar ofisoshi, masu kwat suna wuce ta kamar turke.

"Mama, ai kin yi kyau a nan. In bar shi?"

Ta kece da dariya. "Kyan nawa ne, ɗan nan, ba na ubansu ba. Sauke! A hankali dai, kar ka yaga mini hanci."

Ya miƙa mata. Ta naɗe abinta ta ɗora a ka, ta ratsa titi ba gaggawa, manyan motoci suna taka mata birki.