Notin da Masta Alidu Ya Raba Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina tsugune a tashar Salaga da kofin koko a hannu, waya ta shigo daga Yendi: Masta Alidu fita, wato makaniki, ya rasu bayan sallar asuba.

Kokon yana nan inda na ajiye shi.

Waɗanda suka san ni sun san karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni. To ku yi haƙuri da rubutun. Akwai abin da ya kamata a sani game da mutumin nan, kuma ni ne shaida, don ni ne mai laifin.

Ina da tsohuwar pikap, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira akori-kura. Albasa muke ɗauka daga Bawku zuwa Salaga, mu komo da doya. Babban ɗana Awudu ne direba. Ni aikina in zauna a gefe ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Wata rana da sassafe, kafin mu tashi, na ce bari in duba ƙarar da nake ji a tayar baya. Na kwance noti, tayar ta ƙi fita. Sai na ɗauko guduma. Na bugi bakin aksul, ƙarfen da taya ke zaune a kai, sau uku, na huɗun ya sauka a babban yatsana. Da na zo mayar da babban notin da ke riƙe tayar, sai ya ƙi shiga, don gudumar ta murƙushe tiredin, wato zaren da notin ke bi. Na tura shi da ƙarfi ya kama zagaye biyu, na rufe, na wanke hannu, na yi shiru abina.

Mun wuce Gushegu lafiya. Muna shiga Yendi taya ta fara rawa kamar ta ji ganga. Awudu ya lallaɓa ya tsaya, mutane suka taru.

Abin da na yi a nan shi ne abin kunyar. A gaban jama'a na ce tuƙin ganganci ne ya jawo, ramin da ya gani ba ya kaucewa. Na fizge makulli daga hannunsa. Mutum mai mata da 'ya, na yi masa tsawa kamar ya fasa tulu.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Baaba, in mun sauke kayan nan a Salaga, ni Kumasi zan wuce. Ka nemi direban da ya iya."

Na san ɗana. In ya faɗi magana a hankali, ta zauna.

Wani ya ce a kira mai walda a liƙe notin gaba ɗaya. Wani ya ce sai an aiko da aksul daga Kumasi. Albasa kuwa tana cikin rana. Sai ga wani dattijo siriri a kan keke, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Aka ce ga Masta Alidu.

Ya tsuguna, ya goge giris da tsumma, ya shafa bakin aksul ɗin da yatsa. Ya daɗe. Sannan ya ce wa Awudu ya je kasuwa ya nemo noti biyu irin wannan. Da Awudu ya yi nisa, ya matso kusa da ni, ya sauke murya.

"Mai mota, rami ba ya riƙe guduma. Fito da hannunka daga aljihu."

Na ce ai sanyi nake ji. Rana tsaka ce fa.

Na fito da shi. Farcen ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa tawada. Ya dube shi, ya ce, "Sannu, Injiniya." Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba.

Da Awudu ya kawo noti biyun, Masta Alidu ya ɗauki ɗaya ya yanka shi biyu da zarto. Na ce a raina dattijon nan ma irina ne. Ashe ba haka ba. Ya share bakin da na murƙushe da magagari kaɗan. Sai ya ɗora ɓarin notin nan biyu a can ciki, inda tiredin yake da lafiya, ya haɗe su, ya matse, ya ɗiga mai. Ya riƙa juyowa da su waje a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ya ce in ka tura noti daga bakin da ya lalace, hanyar banza zai bi. Sai dai ka kama daga inda yake daidai ka fito da shi, shi zai nuna wa sauran hanya.

Ni ya sa riƙon sifana. Da hannun mai ciwon. Na san da gangan ne.

Kafin la'asar noti na biyu ya shiga da yatsu kawai, sumul. Amma bai ɗaure ba. Ya ajiye sifanar a ƙasa, ya ce a kunnena, "Na gama nawa. Ba na ɗaure tayar da babu direba."

Ya tafi wai zai yi alwala.

Jama'a, na taɓa tura motar nan ni kaɗai a laka, bai kai nauyin taku biyar da na yi zuwa wurin Awudu ba. Na miƙa masa makulli, na nuna masa yatsan, na ce ni ne na ɓata, kuma na ɗora masa. A gaban mutanen da na kunyata shi na faɗa.

Ya ce, "Baaba, ai na sani. Daga ɗaki na ji bugu huɗu, na ji salatin da ya biyo na huɗun."

Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "A gaban mutane?"

Ni na haife shi, amma ranar na gane ban san wanda na haifa ba.

Bai je Kumasi ba. 'Yarsa ta biyu a gidana aka raɗa mata suna, Masta Alidu ya hau motar haya tun daga Yendi ya zo, da zakara a hannu.

Duk wucewarmu sai mun tsaya wurinsa. Yakan ɓare goro ya ba ni babban ɓarin. Bai taɓa ba wa kowa labarin yatsana ba, ni ne da bakina nake tallansa.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne. Ya rame, yana zaune a benci, ba ya iya tsugunawa. Ya sa aka buɗe akwatinsa, ya ba ni ɓarin notin nan biyu ɗaure da waya. Ya ce, "Injiniya, riƙe wannan. Gudumar kuwa ka ba Awudu ya ɓoye."

Yanzu haka muna hanyar Yendi, muna fatan samun jana'iza. Aksul ɗin da ya gyara ne a ƙarƙashinmu, ba a sake taɓa shi ba. Awudu ne ke tuƙi. Tun Salaga ban ba shi shawara ko ɗaya ba.

Ya Allah, bawanka Alidu ya rufa mini asiri a ranar da na cancanci tonawa. Ka rufa masa nasa, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce. In da saura, ku sa da mai baƙin farce.